Yadda ake zaɓen katakon teburin wanke hannu na banɗaki da zai jure ruwan Legas

Teburin wanke hannun da na fara sawa a banɗakinmu a Agege damina ɗaya ya yi. Ranar da kafinta ya kawo shi kowa sai da ya yaba, ja-ja-wur yana sheƙi, ya ce min mahogani ne. Kafin ruwan watan Yuli ya ɗauke gindin famfo ya yi baƙi, folish ɗin ya fara ɗagowa kamar ɓawon albasa, wata rana na sa babban yatsa na danna wajen sai yatsan ya lotsa ciki. Da muka cire shi muka juya bayansa sai ga farin katako fat, ko fenti ɗaya ba a shafa masa ba, sama kawai aka rina. Abin ya yi min ciwo wallahi, don kuɗin ba tsintarsu na yi ba. Na biyun da muka yi yau shekara huɗu kenan yana nan garau, kuma a banɗaki ɗaya, da mutanen gida ɗaya. To ga yadda aka yi, daki-daki, don mutane da yawa sun tambaye ni.

Da farko ka tsaya ka kalli banɗakinka tukun kafin ka je kasuwa. Hotunan da muke gani a Instagram na tebur ɗin katako da fulawa a gefe, yawancinsu banɗakin da ƙasansa a bushe yake ne, wurin wanka a killace da gilashi. Namu ba haka yake ba. Mu alwala muke yi sau biyar a rana, mutum shida ko bakwai a gida, kowa ya wanke hannu zuwa gwiwar hannu ruwa ya gangara, a ajiye buta da jiƙaƙƙen gindi, yara su watsa ruwa, ranar Asabar a kwarara bokiti a ƙasa a wanke da tsintsiya. Ga Legas kuma ita kanta iskarta jiƙaƙƙiya ce, da damina laimar iska tana wuce kashi 80 cikin 100 a mafi yawan kwanaki, tawul ma sai ya kwana bai bushe ba. Idan shawa tana zuba kai tsaye a kan inda za ka sa teburin kuma ba taga ba fanka mai zuƙe iska, gaskiya ka haƙura da katako ka sa dutse. Idan kuwa akwai tazara ko labule ko gilashi tsakani, kuma iska tana shiga, bismillah, katako zai yi, kuma babu dutsen da ya kai shi kyau a ido na.

Sai ka auna. Yawanci tsayin daga ƙasa santimita 80 zuwa 85 ne, faɗi daga bango zuwa gaba 45 zuwa 55, tsawo kuma gwargwadon wurinka. Ka fara sayen kwanon wanke hannun da famfon kafin katako, don su za su nuna inda za a huda. Irin waɗannan kaya kasuwar Odun-Ade da ke Orile cike take da su. Kuma ka zaɓi kwanon da yake zama a saman tebur kamar tasa, wanda ƙaramin rami ɗaya kawai za a huda masa na bututu. Wanda ake maƙalawa ta ƙarƙashi yana da kyau amma sai an yanke babban da'ira a katakon, bakin yankan ya zauna yana shan ruwa kullum, wannan a gidan da ake alwala neman wahala ne.

Yanzu batun iri, wanda nan ne ake cin mutane.

Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, shi na sa kuma shi nake ba mutane shawara. Zuciyarsa ba ta ruɓewa da wuri, gara ba ta son ta, har jiragen ruwa ana yi da shi, shi ya sa Turawa ke masa laƙabi da tik ɗin Afirka duk da ba danginsu ɗaya ba. Idan aka fere shi sabo za ka ga rawaya-rawaya ne, bayan 'yan makonni da shan haske sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu, don haka kar ka tsorata idan aka goge maka shi ka ga ba launin da ka saba gani a ƙofofi ba. Wani lokaci a cikinsa akwai wani farin abu mai tauri kamar dutse da yake dakushe zarto, kafintoci sun san shi, idan ka ga falle yana da irin wannan jijiyar ka ajiye ka ɗauki wani. Kuma ƙurarsa tana da sharri, tana sa tari da ƙaiƙayi, ka saya wa mai aikinka takunkumi ko da bai tambaya ba.

Tik shi ne sarki a harkar ruwa don yana da maiƙo a jikinsa, idan ka shafa sabon yanka za ka ji ɗan santsi a yatsa kuma yana ƙanshi kamar na fata. Asalinsa daga Indiya da Bama ne amma an daɗe ana shuka shi a dazukan kudu maso yamma, irin su Gambari a jihar Oyo, turakun wutar lantarki na itace da yawa shi ne. Matsalarsa a nan ita ce ana sare shi yana ƙarami, sai ka samu falle siriri rabinsa farin gefe. Idan ka dace da tsohon tik mai faɗi kuma aljihunka zai ɗauka, ɗauki kawai.

Akwai kawo, Yarbawa na ce masa apa. Nauyi gare shi da tauri, kuma abin da ya fi burge ni da shi ba ya yawan motsi, wato ba ya kumbura ya tsuke da canjin yanayi kamar sauran. Opepe ma yana jure ruwa sosai, rawaya ne mai haske, har ginin bakin teku ana yi da shi, sai dai yana son tsattsagewa a fuska idan bai bushe a hankali ba. Ekki kuwa ƙarfe ne kawai a siffar itace, nutsewa yake a ruwa, da shi ake shimfiɗar layin dogo, amma ga teburin banɗaki ya yi yawa, kafintanka zai sha wuya kuma bango ma sai ya ji a jikinsa.

Mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu na Arewa, da sapele wanda ya ɗauki sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, matsakaita ne. Suna da kyau a kujera da ƙofar ɗaki, a banɗaki za su yi idan an rufe su da kyau kuma ana kula, amma ranar da folish ya fashe ba su da ƙarfin kare kansu kamar loko. Kuma kalmar mahogani a kasuwa ta zama sunan duk wani katako mai ja, ko wanda aka mayar ja.

Waɗanda za ka guje wa: obeche, farin afara, araba wato rimi. Masu sauƙi ne, masu daɗin aiki, masu araha, kuma fumfuna da ƙwaro suna cinsu kamar burodi. Baƙin afara da ake kira idigbo ya fi su ƙarko amma yana da wani rawayan rini a jikinsa da yake fita idan ya jiƙe, zai ɓata maka farin tawul da tayil. Malaina ba laifi a wasu ayyuka amma tana riƙe ruwa a ciki ta daɗe ba ta bushe ba kuma tana da taushi, komai ya faɗo mata sai ya bar tabo. Su MDF da HDF kuwa garin katako ne aka matse da gam, ruwa na samun kafa ɗaya ta bakin rami za su kumbura su dagargaje, ba gyara. Idan wani ya yi maka tayin madobiya, wadda ake ce wa Madrid a Taraba, ni dai ba na saye, an yi wa dazukanmu ƙarƙaf saboda ita ana lodawa zuwa Chana har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017.

Mataki na gaba shi ne zuwa kasuwa, kuma kar ka tura kafinta shi kaɗai, kar kuma ka je kai kaɗai. Ku je tare. Kasuwar katako ta Amu da ke Mushin ita ce kusa da yawancinmu. Da can Oko Baba ce cibiya a Ebute Metta, duk wanda ya bi gadar Third Mainland ya ga gungumen itace jere a kan ruwa an ɗaure su an jawo daga su Ondo da Delta, kafin gwamnati ta tashe su zuwa Agbowa. Na kawo wannan ne don ka gane cewa katako da yawa a garin nan daga cikin ruwa ya fito ya hau inji, daga inji ya zo rumfa, ɗanye shataf.

Wanda ya raka ni karo na biyu wani dattijon kafinta ne ɗan unguwarmu, ya fi shekara talatin yana aiki a Ikko. Muna isa mai rumfa ya ce "Alhaji ga orijinal iroko", ya nuna wani tsibi. Baba bai ce komai ba, ya zaro ƙaramar wuƙa daga aljihu ya kankare kan fallen, ya tofa ɗan yawu ya goge da yatsa, ya kira ni. "Zo ka gani ɗana. Ka ga nan duhu, nan kuma fari kamar faɗin yatsu uku? Wannan farin ba loko ba ne a wurin ƙwaro, abincinsa ne." Nan na fara gane cewa sunan itace kaɗai ba ya isa. Kowace bishiya tana da zuciya mai duhu a tsakiya da farin gefe kusa da ɓawo, duk ƙarkon da ake faɗa na loko ko tik ko kawo a zuciyar yake, farin gefen kuwa ruɓewa yake kamar na kowane itace. Saboda haka ko dai ka zaɓi falle da zuciya ce zalla, ko ka lissafa cewa za a tsage farin a zubar, ka sayi abin da ya fi buƙatarka.

Ga sauran abin da muka duba a kowane falle. Ka ɗaga kai ɗaya ka kai ido ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga, idan ya murɗe ko ya kantare bar shi. Ka duba kan fallen, idan ka ga cibiyar itacen a ciki, wato ɗigon tsakiya da zobba suka kewaye, wannan sai ya tsage ko ba daɗe ko ba jima. Ka nemi ƙananan huda kamar na allura da gari-gari a bakinsu, alamar ƙwaro na ciki. Ka danna farce, loko da kawo ba sa lotsawa, obeche kuwa nan take zai nuna. Ka biya ɗan kuɗi a sa maka gefe ɗaya a injin gogewa ka ga ainihin launin, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Sannan nauyi: falle 2x12, wato kauri inci 2 faɗi inci 12, mai tsawon ƙafa 12 na busasshen loko yana kai kilo 35 zuwa 40, na obeche kuwa 20 da 'yan kai. Amma a kula, ɗanyen katako mara kyau ma nauyi gare shi saboda ruwan cikinsa, kar nauyi kaɗai ya ruɗe ka. Kauri kuma ka sayi inci 2, don bayan gogewa zai dawo wajen inci ɗaya da rabi, kuma dama abin da ake kira inci 2 a kasuwa sau da yawa bai cika ba, ka tafi da tef ɗinka.

To sai bushewa, wadda ita ce mutane ba sa haƙuri da ita. Kowane mai rumfa zai rantse maka katakonsa ya bushe. Akwai 'yar na'urar auna danshin katako mai allura biyu, ba ta da tsada sosai, wasu manyan kafintoci suna da ita. Abin da kake nema wajen kashi 12 zuwa 15, idan ta nuna sama da 20 ɗanye ne. Ka sa a yanke ɗan guntu daga kai a auna cikin, don fatar waje takan bushe ciki na jiƙe. Idan ba na'ura, ka ɗaure guntun a farar leda ka ajiye a rana na awa biyu, in ka ga gumi ya taru a ledar to da sauran aiki. Hanyar da ta fi tabbas kuma ita muka bi: ka ɗora falle ɗaya a sikeli ka rubuta nauyin a jikinsa da alli, duk sati ka sake, ranar da ya yi sati biyu ko uku bai ragu ba ya daidaita. Ana jera su ne a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falle da falle, a ɗora nauyi a sama, a shafa fenti a kawunan don kar su dare. Ba a shanya katako a rana tsaye jikin bango kamar yadda ake yi a bakin titi, lanƙwashewa yake. Namu ya yi wata huɗu a baranda, maman yara har ta gaji da tambaya. Idan ka samu wanda aka busar a inji ka huta, ka dai bar shi sati biyu a cikin gidan ya saba da iskar wurin. Wani abu kuma ga masu tunanin a haɗa a Legas a kai gida Kano ko Sakkwato: katakon da ya daidaita da laimar Legas idan ya haɗu da hunturun Arewa zai ƙara tsukewa har ya buɗe a mahaɗa, gara a kai katakon can ya sha iska a haɗa a can.

Wajen haɗawa, kar ka yarda a yi maka da falle ɗaya mai faɗi ko biyu, duk da ya fi kyau a ido. A tsaga su faɗin inci 3 zuwa 4, a jera ana juya zobban kan, wannan ya kalli sama na kusa da shi ya kalli ƙasa, ta haka in ɗaya ya so lanƙwasa ɗayan zai riƙe shi. Gam kuma ba farin gam ɗin da ake haɗa kujera da shi ba, wannan laushi yake idan ya daɗe a danshi. A nemi ifoksi mai haɗi biyu, ko gam ɗin foliyuretan, ko wanda aka rubuta D4 a jikinsa, alamar yana jure ruwa. Loko da tik suna da maiƙo, a goge bakin da tsumma da tina, wato ruwan sirka fenti, a bar shi ya sha iska kafin a shafa gam, a matse da kilam a bar shi ya kwana. Ƙusa ta baƙin ƙarfe kar ta kusanci aikin nan, tsatsa za ta yi ta zana baƙin tabo a katakon da ba ya fita, sukurun silba marasa tsatsa ko na tagulla kawai.

A huda ramin famfo da na bututu tun yanzu, kafin folish, a ɗan ƙara musu faɗi kaɗan. A kashe kaifin gefuna su yi ɗan zagaye don folish ba ya kama kaifi da kyau, nan yake fara fashewa. Sannan wata dabara da Baba ya yi wadda ban taɓa gani ba: ya tsaga siririn layi a ƙarƙashin bakin gaba, kamar santimita ɗaya daga gefe. Ruwan da ya gangaro ta baki yana zuwa layin sai ya ɗiga ƙasa, ba ya bin ƙarƙashin tebur ya shiga kabad.

Folish. Abin da yawancin masu feshi ke amfani da shi a kayan ɗaki, silar nan (sealer) da laka (lacquer) mai saurin bushewa, shi ne yake yin farin tabo idan ka ajiye jiƙaƙƙen kofi, bai dace da banɗaki ba sam. Ka nemi banish na jirgin ruwa, ko foliyuretan mai kyau. A goge da samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, a share ƙura, a sake gogewa da tina saboda maiƙon loko yana hana banish bushewa. Shafin farko a sirka shi yadda aka rubuta a gwangwanin don ya shiga jiki, sannan a ƙara huɗu, tsakanin kowanne a bar shi ya kwana a bi shi da samfefa mai laushi 320. Da damina ma ya fi kwana ɗaya, in ka taɓa ka ji danƙo-danƙo kar a ɗora wani. Kuma a nan ne nake roƙonka ka tsaya a kai da kanka: sama, ƙasa, gaba, baya, kai biyu, duk fuska shida shafi iri ɗaya, adadi ɗaya za su samu. Katako ta kansa yake shan ruwa kamar rake, don haka kawunan da cikin ramukan nan su ne ƙofa, a cika su da ifoksi ko a yi ta shafa banish har su daina sha. Idan aka rufe sama aka bar ƙasa tsirara, ƙasan zai sha laima ya kumbura saman bai motsa ba, teburin ya kantare. Masu son mai irin na tik don katako ya fito da kamanninsa na asali, yana da kyau kuma gyaransa da sauƙi, amma sai an riƙa sabuntawa duk bayan 'yan watanni, in ka san ba za ka iya ba ka tsaya a banish. Ka sa a yi wa guntu ɗaya irin shafin, bayan sati ka zuba masa ruwa ka kifa kofi a kai ya kwana, da safe ka duba kafin a kafa na gasken.

Wajen kafawa, in da hali a rataye shi a bango kan ƙarfe, ya bar ƙasa gaba ɗaya, saboda ruwan wankin ƙasa shi ke cin ƙafar kabad. Ramukan sukuru a ƙarfen su zama masu ɗan tsawo, ba zagaye cif ba, don tebur mai faɗin rabin mita yana iya motsa 'yan milimita tsakanin damina da rani, idan aka ɗaure shi tam tsagewa zai yi. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da tayil a cike da silikon mai hana fumfuna, haka gindin kwano da gindin famfo. Ka tsaya kan mai gyaran famfo lokacin da yake aiki, don in ramin ya yi masa kaɗan zai sa kurfi ya ƙara ya bar maka ɗanyen katako a daidai inda ruwa ya fi zama. In dole sai an ƙara, a sake rufe wajen a jira ya bushe. Bayan ya gama ka buɗe famfo minti biyar ka sa busasshiyar takarda a ƙarƙashi ka ga ko akwai ɗiga.

Abin da ya rage na mutanen gida ne. Mu ƙaramin tawul muka rataye a gefe, duk wanda ya gama alwala ya share, yara ma sun saba. Buta tana da farantinta, sabulu yana da mazubi mai ƙafa. Bilic ba ya hawa kansa, ruwan sabulu kaɗan a tsumma ya isa. Masu ruwan burtsatse mai ja irin na wajen Lekki da Ajah su ƙara kula da sharewa don ƙarfen da ke cikin ruwan yana barin tabo. Lalle da rinin gashi a shimfiɗa leda tukun, kaskon turaren wuta kuwa kar a ɗora shi kai tsaye, namu akwai ɗan zagayen ƙuna a kusurwar dama daga ranar sunan autarmu, sai da aka kankare wajen aka sake shafawa. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke wajen Disamba nakan ɗauki tocila in leƙa ƙarƙashi, in bi silikon da yatsa, inda ya ɗago a cire a sa sabo, in kuma na ga ruwa ya daina taruwa ƙwaya-ƙwaya a sama sai in kira Baba ya bi shi da samfefa mai laushi ya ƙara shafi ɗaya, aikin yini guda ne, a yi kwana biyu ana alwala a tsakar gida.